Ranin da Na Ce wa Kowa "To"

Da sunan Allah Mai rahama nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu.

Daga mahaifinka Audu magini na Kontagora, zuwa ga ɗana Tanko. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Allah Ya sa ka sauka Zariya lafiya, ƙafarka ba ƙaya, cikinka ba ciwo, ayarin da ka bi bai gamu da mugun ji ko mugun gani ba. Uwarka tana gaishe ka, yayyenka mata duk suna gaishe ka.

Na ce kada ka warware takardar nan sai ka isa, domin akwai abin da ke cikinta wanda ba zan iya faɗa maka ido da ido ba. Ka san ni ban iya rubutu ba, hannun da ya saba da tubali alƙalami ya yi masa ƙanƙanta. Malam Garba limaminmu ne ke rubutawa, ni ina faɗa, muna zaurensa tun hantsi. Ya ce in taƙaita, wai takarda ba ganyen bishiya ba ce. Zan yi ƙoƙari.

Za ka wurin manyan magina ka koyi ɗaurin guga, wato rufin soro mai lanƙwasa kamar baka, abin da ni ban samu na koya ba. Gini kam ba zan koya maka a takarda ba, hannunka ya riga ya fi nawa daidaito, ko da yake kada ka gaya wa kowa na faɗi haka. Ba faɗowa daga tsani nake ji maka tsoro ba. Abin da nake tsoro shi ne ranar da aiki zai yi maka yawa, ya hau kanka ya zauna, ka ci abinci ba ka ji ɗanɗanonsa ba, a gaishe ka ka ji kamar an zage ka. Wannan rana tana zuwa wa kowane mai sana'a. Ni ta zo mini a wani rani kafin a haife ka, na kuwa yi wauta iri-iri. Rabin garin nan sun san labarin, kai kaɗai aka ɓoye wa don a bar mini ɗan sauran girma.

Lokacin garin nan sabo ne, ganuwa ma ba ta gama zagayowa ba. Mutane na ta kwararowa daga arewa, daga Nufe, daga ko'ina, kowa ya kafa bukkar ciyawa yana jiran ɗakin ƙasa. Magina kuwa mun yi kaɗan. Ubangidana da ya koya mini sana'a ya rasu da kaka, sai na wayi gari ni ake sallama wa a ƙofar gida. Kaina ya kumbura har hulata ta matse ni. Mu biyu muke aiki, ni da Dogo, Bakambaren nan na Salka da kake kira Baba Dogo. Shi ke kwaɓa ƙasa, ya murza tubali, ya jefo mini ina bisa katanga.

Wanda ya fara zuwa shi ne Madugu Jatau, babban falken goro, ya dawo daga Gwanja da jakuna fal. Ya ce yana son zaure da soron ajiye kaya kafin ruwan farko. Na ce to. Mahauci ya zo yana son rumbu, na ce to. Wanzami yana son ɗakin shigifa, na ce to. Wani mai gishiri yana son katanga, na ce to. Har wata tsohuwa, Iya Delu, ta tare ni a bakin rijiya ta ce muzuru ya ishe ta, tana son akurki. Ita ma na ce to. Duk wanda ya tambaye ni yaushe, sai in ce Talata, don ita ce ranar da ta fi saurin zuwa bakina.

Dogo ya dube ni ya ce, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji, "Audu, hannunka nawa ce?"

Na ce, "Biyu mana."

Ya ce, "Af. Na ɗauka ya haihu."

Ban yi dariya ba. Ni a lokacin gani nake in na ce wa mutum ba zan iya ba, zai je ya faɗa a kasuwa cewa sabon magini rago ne. To, Talata ta zo ta wuce, wata Talatar ma ta wuce. Na koma ba na bin babbar hanya. In zan je wurin aiki sai in zagaya ta bayan gari kamar wanda ya saci akuya. In na hangi farar riga sai gabana ya faɗi.

Ran nan da hantsi muna gama rumbun mahauci, saura a ɗora masa jinka, na hango Madugu Jatau yana tafe da sandarsa. Ban tsaya shawara da kowa ba, na taka tsani na dira cikin rumbu ta bakinsa na sama. Na ce a raina, zai tambaya, a ce ba na nan, ya wuce.

Ya zo ya ce, "Dogo, ina maginin?"

Dogo kuwa ba ya ƙarya. Ya ce, "Ta shiga wani wuri."

Madugu ya ce, "To, bari in jira shi."

Ya shimfiɗa buzu a inuwar rumbun, ya jingina da shi, bayansa da bayana ƙasa kaɗai ta raba. Wata Bafulatana ta zo wucewa da nono, ya kira ta ta dama masa fura. Ina jin ƙarar ludayi, ni kuwa ko koko ban sha ba. Can sai ga wanzami, shi ma yana nemana, ya zauna. Sai ga mai gishiri. Sai ga Iya Delu. Aka buɗe hira, kuma ni ne abin hirar.

Wanzami ya ce, "Ni Talata ya ce mini."

Mai gishiri ya ce, "Ni ma Talata."

Iya Delu ta ce, "Ni Talata uku ke nan, muzuru kuwa ba ya jiran Talata."

Madugu ya ce, "Wataƙila a garinsu kowace rana Talata ce."

Rana ta take, cikin rumbu ya zama tanderu. Gumi na bin bayana, ƙafata ta yi tsami, ba halin motsi. Da na jure har su gaji, sai dai ashe cinnaku sun riga ni tarewa a rumbun. Ɗaya ya bi ƙafar wandona ya haura har inda ba zan sa Malam ya rubuta ba, ya yi aikinsa. Na kurma ihu, rumbu ya amsa kamar ganga.

Iya Delu ta zabura tana cewa, "Aljani! Aljani a rumbun mahauci!"

Dogo ya ce, "Ba aljani ba ce, Iya. Magini ce."

Madugu da kansa ya hau tsani ya leƙo. Ya ce, "Magini, me kake yi a nan?"

Na ce, "Ina duba yaɓen ciki, ranka ya daɗe."

"Tun hantsi?"

"Yaɓen yana da yawa."

Suka jawo ni waje ina sosa. Ka san abin da na yi da na fito? Kowannensu ya sake tambayata yaushe, na sake cewa to, Talata.

Tanko, ka saurare ni. In an kawo maka aiki, kada bakinka ya riga kanka. Ka dubi abin da ke hannunka tukuna. In ba za ka iya ba, ka ce ba za ka iya ba, ko ka faɗi ranar gaskiya ko da tana da nisa. Mutum zai ɓata rai ya tafi, kafin ya kai gida ya huce. Amma wanda ka ce wa to alhali ba ka da hali, ka ɗauke shi ka ɗora a wuyanka, da shi za ka kwana da shi za ka tashi. Nauyin da ya kusa karya ni ranin nan ba na tubali ba ne, na mutanen da nake gudu ne.

Bayan abin rumbu sai na ce maganin abin shi ne in daina ɓata lokaci. Na duba na ga cin abinci ɓata lokaci ne. Uwarka ta dama koko da safe, in ce ba na sha. Ta aika mini da ɗumame wurin aiki, ya wuni a rufe. Madugu kuwa kullum ya zo sai ya miƙo mini goro, na mayar da shi abinci, ina tauna tun asuba har haƙorana suka yi ja kamar na tsohuwar amarya. Da azahar Dogo ya sauka inuwa ya ci abinsa ya miƙe ƙafa, ni ina bisa katanga ina harararsa.  In na rufe ido tubali nake gani yana tasowa sama.

Wata ranar Laraba na zo sallar magariba a gajiye, na shiga sahu na biyu. Liman na lokacin tsoho ne mai jan karatu a hankali. Ina tsaye, idona ya rufe, na ganni a kan katangar Madugu, hannuna a buɗe, Dogo yana jinkiri. Liman ya kai ƙarshen Fatiha, jama'a za su ce amin, ni kuwa na buɗe murya yadda nake yi a wurin aiki na ce, "Jefo!"

Malam Garba yana sahun gaba ran nan, ga shi yanzu ya ajiye alƙalami yana share hawaye. Ya ce in gaya maka saboda dariya sai da mutum huɗu suka sake alwala. Ni dai na san bayan sallama liman ya juyo ya dube ni ya ce, "Audu, mu ba mu da abin jefo maka sai addu'a. Je ka ci tuwo." Shekara da shekaru in na wuce kasuwa sai in ji an ce, "Audu Jefo, an fito?"

Don haka ka ci abinci kafin ka hau katanga, ka sauko ka ci in rana ta take. Kada ka ga wani yana aiki ba ci ba sha ka ɗauka jarumi ne, jira ka ga katangarsa. Jikin nan naka shi ne jakinka, shi ne tsaninka, ba ka da wani. Kuma in ka shiga masallaci ka bar ƙasa a waje tare da takalmanka. Ita sallar ma hutu ce Allah Ya ba mu sau biyar, ni na mayar da ita wurin lissafin tubali.

Yanzu zan zo kan abin da ya fi ba ni kunya. Ka san ba a ɗora sabon tubali a kan ɗanyen gini, sai an bar na ƙasa ya sha rana. Wannan ko yaron da ya fara jiya ya sani. Amma na ga gizagizai sun fara taruwa ta gabas, Madugu kuma kullum yana tsaye a kaina yana cewa, "Magini, na ji ƙamshin ruwa." Sai na shiga ɗora na yau a kan na jiya, na gobe a kan na yau.

Dogo ya danna yatsa a jikin katangar zauren, yatsan ya shige. Ya ce, "Audu, wannan bai bushe ba. Mu bar shi kwana biyu."

Da safen nan Madugu ya faɗa mini magana a gaban mutane, na haɗiye, na ce masa ranka ya daɗe. Tana nan a maƙogwarona tana neman hanyar fita. Sai na ce wa Dogo, "Kai ne magini ko ni? Aikinka jifa, ka yi jifa ka rufe mini baki. Me Bakambare ya sani ban da rumbu?"

 Tubalin da ke hannunsa ya ajiye a hankali kamar ƙwai. Ya wanke hannu, ya ɗauki gorarsa da sandarsa, ya ce, "Sai wata rana, magini." Ya kama hanyar Salka. Mutumin da muka shekara bakwai muna cin tuwo a akushi ɗaya.

Na koma ni ke kwaɓawa, ni ke murzawa, ni ke hawa da saukowa. Haushin da ya rage kuma na kwasa na kai gida. Yayyenka biyu na fari suna ƙanana, in sun ji sallamata sai su shige bayan randa. Uwarka ta gaishe ni, in ce gaisuwar ta yi tsawo. Ta yi shiru, in ce ta raina ni. Ran nan ta kawo tuwo, na dube shi na ce malmalar ta karkace. Na sa hannu ina shafa shi ina gyara masa gefe kamar ina yaɓe, ina cewa ba wanda ya iya aiki a garin nan sai ni.

 Kashegari da almuru na dawo, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwan wanke hannu, ta ajiye akushi a rufe da faifai, har da durƙusawa. Na ce yau an shiga hankali. Na buɗe. Jar ƙasa ce, an kwaɓa ta da ciyawa, an malmala ta sumul, ba karkata ko kaɗan.

Na ce, "Mene ne wannan?"

Ta ce, "Maigida, na ga ita kake so, ita kake mafarki, da ita kake magana. Na ce bari in daina shiga tsakaninku. In miya kake so, akwai makubar yaɓe a tukunya."

Na tashi ina faɗa har kaji suka sauko daga inda suka kwanta. Ta tsaya ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Wata biyu ke nan ba ka tambayi yaran nan ko sun ci ba. Ƙaramar ta yi zazzaɓi kwana uku ta warke, ba ka sani ba."  Da gari ya waye ta goya ɗaya, ta riƙe hannun ɗaya, ta bi 'yan kasuwa zuwa gidan iyayenta a Nasko.

Ka lura da wannan, Tanko. Wanda ya ɓata maka rai a wurin aiki yawanci ya fi ƙarfinka, sai ka ɗauki haushinsa ka kai wa wanda ba zai rama ba. Madugu ya tsawata mini, Dogo ya sha, uwarka ta sha, yara suka sha. A Zariya za a tsawata maka, manyan magina ba su iya magana a hankali ba. In an yi maka, kada ka wuce kai tsaye wurin wanda ke ƙarƙashinka. Je ka wanke fuska, ka zagaya bayan gini ka zagi kwando in ka ga dama, kwando ba ya yaji. Wanda kuma ya gaya maka aikinka bai bushe ba, ka sa yatsa ka gwada kafin ka buɗe baki.

Kwana huɗu bayan tafiyarta hadari ya haɗo da la'asar. Ina gindin katangar zauren Madugu ina tattara kaya, ruwa ya tsuge. Sai ga Iya Delu ta rugo ta fake a jikin katangar, kusa da ni. Ta share fuska ta gan ni. Ta ce, "Yauwa, Allah Ya kama ka. Akurkina fa?" Ni kuwa ƙafata ta saba, na zura da gudu cikin ruwa. Ta biyo ni da sanda tana cewa yau ba rumbun da zai ɓoye ni. Ba mu yi taku ashirin ba muka ji wani irin gurnani a bayanmu. Muka juya. Katangar ta zauna gaba ɗayanta, daidai inda muke tsaye, kamar tuwon da ya yi ruwa.

Iya Delu ta dubi tulin ƙasar, ta dube ni, sandar ta faɗi daga hannunta. Ni kuwa na zauna a cikin taɓo. Har yau in na tuna jikina yakan yi sanyi. Da tsohuwar nan ta mutu a ƙarƙashin ginina, da ban san da wace fuska zan tsaya gaban Allah ba. Gudun da nake yi wa mutane ne ya cece mu, amma kada ka ɗauki darasi daga wannan, sau ɗaya ya taɓa yin amfani.

Da safe na wanke jiki na tafi wurin Madugu da ƙafata, karo na farko ba shi ya zo nemana ba. Ina tafe ina tunanin ko zai kai ni gaban alƙali. Na same shi yana karya kumallo. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, katanga ta faɗi. Laifina ne, na ɗora a kan ɗanye. Ba zan iya gama maka ba sai bayan damina. Kayanka kuma ban san yadda za a yi da su ba."

Ya ce, "Wane kaya? Ai kayana suna soron ƙanena tun ranar da na sauka. Ko shekara za su yi ruwa ba zai taɓa su ba."

Na ce, "To, ranka ya daɗe, me ya sa kake zuwa kullum kana cewa ka ji ƙamshin ruwa?"

Ya ce, "An gaya mini magini sai da matsi. Kuma ni ba ni da abin yi sai ayari ya tashi. Kallon gini yana mini daɗi."

Tanko, na rame, na kori abokina, na kori matata, na yi ihu a masallaci, duk saboda mutumin da ya rasa wurin hira. Da tun farko na tambaye shi, "In ba a gama kafin ruwa ba me zai faru?" da ya gaya mini. Ka riƙa tambaya. Ba duk mai cewa yanzu-yanzu ne ke nufin yanzu ba, wani haka ya iya magana. Ka gane wanne ne in an bari zai yi ɓarna, wanne ne zai iya jira, ka fara da na farko.

Ba wai na fita ba tabo ba ne. Da kaka sai da na sake ginin tun daga tushe, wanzami kuma ya kai aikinsa wurin wani, ya daɗe ba ya amsa gaisuwata. Amma ranar na bi sauran ɗaya bayan ɗaya na gaya musu gaskiya, ba wanda ya cinye ni. Akurkin Iya Delu da na yi wata biyu ina gudu, kafin azahar na gama shi.

Daga nan na ɗauki sanda na nufi Salka. Na sami Dogo a gona yana shuka. Tun a hanya na shirya jawabi mai tsawo, amma da na fara sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ka ci tukuna." Ya kai ni gidansa, aka kawo tuwon dawa, na ci kamar wanda aka sako daga turu. Na ce bari in ɗan jingina. Da na farka na tambaya ko la'asar ta yi, suka ce ta yi, amma ta gobe. Na rama sallolina, sannan na ba shi haƙuri, na ce maganar da na faɗa a kan mutanensa ta jahilci ce.

Ya ce, "Na ji. Zan dawo in an gama shuka. Amma in rana ta tsaya a tsaka, ka sauko mu ci tare. In na ce bai bushe ba, bai bushe ba." A kan wannan muke har yau.

Nasko ta fi wuya. Kakanka ya bar ni a zaure tun hantsi har azahar kafin ya fito. Na gaishe shi, na faɗi laifina, ya saurara yana gyaɗa kai. Can ya ce, "To, ba komai. Amma tun da Allah Ya kawo ka, ga rumbuna ya tsage, ga katangar baya ta rushe, ɗakin baƙi ma yana yoyo. Ina so ka gyara mini su kafin Juma'a."

Surukina ne, kuma biko na zo. Bakina ya riga ya tattaru zai ce to. Sai na ji an yi gyaran murya a bayan zana, kuma na san muryar. Na ce, "Baba, ka gafarce ni. Tsagar rumbu zan toshe maka yau don kada hatsi ya jiƙe. Sauran ba zan iya ba sai bayan kaka."

Tsohon ya zuba mini ido, har na ce shi ke nan, na rasa mata. Sai ya fashe da dariya, ya juya wajen zana ya ce, "Ke, fito, ya warke." Ashe ita ta shirya. Ta ce wa ubanta in na ce to, a ba ni ruwa in koma ni kaɗai. A hanyar dawowa ni na goya ƙaramar, ta yi mini fitsari a baya, ban taɓa jin daɗin kaya irin wannan ba.

Malam ya ce takarda ta kusa ƙarewa, bari in haɗa sauran. Ka nemi aboki a Zariya wanda ba magini ba, ko majemi ne ko mai kiɗa, wanda in kun zauna ba zai yi maka zancen azara ba. In ka yi kuskure a gini ka faɗa da wuri, tun ana iya gyarawa. In abu ya cushe maka ka gaya wa wani, kada ka riƙe shi a ciki kana murmushi. Ranar Juma'a kada ka taɓa ƙasar gini.

Saura abu ɗaya, uwarka ta ce in ban faɗa ba ita za ta aiko a faɗa maka. Tun da aka sa ranar tafiyarka na yaɓe ɗakinka sau uku. Ba abin da ya same shi. Na ce maka gara ce ta shiga, ba wata gara. Hannuna ne ya rasa abin yi da abin da ke cikin ƙirjina. Ka ga ke nan har yanzu ubanka bai gama koyo ba.

Ɗakin yana nan, ba zan sa kowa a ciki ba. In aiki ya yi maka daɗi ka zauna ka koya har ka fi su. In kuwa ya fi ƙarfinka, ka ga kana zama wani mutum da kai kanka ba ka so, ka ɗaure tabarmarka ka biyo ayari. Ba wanda zai tambaye ka me ka kawo. Ni magini na aika Zariya, amma ɗana nake jira.

Allah Ya tsare ka a bisa katanga da ƙarƙashinta. Allah Ya haɗa ka da ubangida mai tausayi da abokan aiki masu gaskiya, Ya ba ka barci mai daɗi da cin abinci da marmari. Allah Ya kiyaye hanyarka, Ya dawo mana da kai muna raye. Amin.

Mahaifinka,
Audu magini, Kontagora.